Rabin Ƙasa Fanko Ne

Ranar farko Dakta Arzika ya shigo aji
ba littafi, ba alli,
sai kwalba uku da tsohon gwangwanin madara.
Ya ce, "Mai ƙyamar datti ya tashi tun yanzu,
mu a nan sana'armu ƙasa."

Na yi dariya. Ni 'yar Aliero ce,
a bakin fangali na koyi tafiya.
Me za a faɗa mini kan abin da na ci ina rarrafe,
abin da ke maƙale a farcen ubana
tun ban iya kiran sunan albasa?

Sai ya ce rabin abin da muke takawa fanko ne,
ramuka ƙanana da ido bai kai gare su,
ruwa da iska na rabon ɗakunan
kamar 'yan haya a gida guda,
wannan ya cika, wancan ya fita,
saiwa kuwa tana son kowannensu a kusa.

Ya zuba ƙasa a kwalba, ya cika ruwa, ya girgiza.
Rairayi ya faɗi kafin in ƙirga arba'in,
mai laushin ya biyo shi bayan azahar.
Yumɓu ya ƙi sauka, ya kwana yana yawo,
gari ya waye da saura kafin ya ƙarasa.

Ya tsoma siririn bututu, ruwa ya hau da kansa
yadda kananzir ke bin lagwani.
Sau biyu ina ɓata lissafin,
amma na gane raɓar da nake gani a fadama
ranar da ko injin ba a tayar ba:
daga can ciki take hawowa bisa.

Da hutu aka ba kowa zoben ƙarfe.
Na nufi gonar Baba Nomau, gefen gabas,
inda shekara bakwai albasa ba ta wuce ƙwan zabo.
An sauya iri, an ƙara taki, an zargi mai sayar da takin.
Na kafa zobe, na yi ta bugu har tafina ya yi bororo,
Baba na tsaye, hannuwa a bayansa.

"Ige, mi kika biɗa nan?"
Na ce, "Nauyi."
Ya dube ni, ya dubi zoben:
"Boko dai ba ya rasa wasa."

Kwana guda a tanda, zafi ɗari da biyar.
Na auna, na raba nauyi da cikin zobe:
ɗaya da ɗigo bakwai,
ta tsakiyar gona ɗaya da ɗigo uku.
Ashe gabas ta danne, ɗakunan sun toshe,
ruwa ya kwanta a kai,
saiwa ta nemi hanya ta rasa.

Na kai masa takarda jikina na rawa.
Ya damƙi ƙasar wurin, ya murza,
ya ce, "Nan tsohuwar hanyar Jega tab bi,
shanu da jakkai da amalanke, tun ba a haihe ki ba.
Na san da taurin.
Ban dai san tauri na da lamba ba."
Ya ninke takardar ya cusa a hularsa.

Da bazara muka haƙe wurin zurfin gwiwa,
muka binne kashin shanu da ɓuntun shinkafa.
Ban san ko bana za ta yi ba,
Dakta ya ce a ba ta shekaru.
Jiya dai na zuba bokiti guda ina duba agogo,
minti tara ta shanye, da can sai ashirin.
Baba ya ce, "To, rubuta,"
ya sunkuya ya ɗauki ɗan albasa ya dasa.